Ƙafa Bakwai Ɗin Da Ban Rubuta Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu manya da ƙanana, Allah ya saka muku da alheri kan lokacin da kuke ba matsalolin mutanen da ba ku sani ba. Don girman Allah a sakaya sunana, kada ko harafin farko ya fito. Kuma ina roƙo, wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba na cewa ban cancanci zagi ba, na cancanta, amma duk wanda za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi. Shawara nake nema, kuma kwana tara suka rage mini.

Ni malamin firamare ne a Ƙaura Namoda, shekarata ashirin da biyu ina shaƙar ƙurar alli. Asalinmu mutanen Gurbin Bore ne, ta ƙasar Zurmi. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, ni da ƙanena, wanda zan kira Sani a nan ko da yake ba sunansa ba ne. Dukanmu aka sa boko, ni na yi har na samu takardar koyarwa. Shi kuwa a aji huɗu ya jefar da littafi ya bi awakin kawunmu, duk dukan da Baba, Allah ya ji ƙansa, ya yi masa bai mayar da shi ba. A lokacin ni ne abin nunawa a gidanmu. In baƙo ya zo ni ake kira in karanta wasiƙa, Sani kuma a ce ya je ya ba jaki ruwa. Ku riƙe wannan, don daga nan ciwon ya samo asali.

Allah ya ba ni hannun rubutu, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Tun ina sabon malami mutanen unguwa suka fara kawo mini takardunsu, cinikin fili, cinikin gona, cinikin gida, rabon gado. Ni ba lauya ba ne, amma na san abin da ake sawa a takardar cinikin gida kamar yadda na san sunana. Sunan mai sayarwa da na ubansa, sunan mai saye da na ubansa. Yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa, saye ne ko gado, in gado ne kowane magaji sai ya sa hannu, mata ma sai an bi su har gidajen aurensu sun dangwala yatsa, ko a Shinkafi suke ko a Zurmi. Iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, kowace da sunan maƙwabci da tsawonta, kuma da tef za a auna ba da taku ba. Abin da cinikin ya haɗa da shi, rijiya, bishiya, ƙofofi, tagogi, mitar wuta, domin na taɓa ganin wanda ya sayar da gida ya dawo da kafinta ya ɓalle ƙyamare, ya ce shi gini ya sayar. Ranar da ɗan haya zai tashi. Inda kwata take bi ta fita. Shaidu biyu ta kowane ɓangare da hatimin mai unguwa. Sai abin da kullum nake cewa ya fi duk waɗannan, wato hanya: ta ina ake shiga, faɗinta nawa, a ƙasar wa ta bi. Sau nawa na tsayar da ciniki saboda hanya? Sau nawa aka ce Malam ya cika ƙaƙale? Kuma ina da ɗabi'a guda, duk takardar da na rubuta sai na ajiye kwafinta a wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona. Alfaharina a duniya shi ne babu takardata da ta taɓa zuwa gaban alƙali ta ji kunya.

To, akwai wani gida a kan hanyata ta zuwa makaranta, na wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya rasu. Shekara takwas da suka wuce aka raba gadonsa, matan aka ba su gonaki, gidan aka raba shi biyu tsakanin maza biyun, kuma ni na rubuta takardar rabon. Sashen gaba, wanda yake bakin titi, ya faɗa wa babban, zan kira shi Alhaji Bala. Sashen ciki ya faɗa wa ƙaramin, Mamman. Da yake na cikin ba shi da bakin titi, sai aka yanki hanya daga gefen rabon Alhaji Bala ta yamma, na rubuta da hannuna cewa an bar ta mai faɗin ƙafa bakwai daga titi har ƙofar sashen ciki, ta zama haƙƙin wannan sashe ko a hannun wa ya koma. Alhaji Bala ya sa hannu yana tsaki, amma dai ya sa.

Sashen cikin nan shi ne gidan da na sa wa rai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Akwai mangwaro a tsakar gidan wanda reshensa ya leƙo bayan katanga, akwai rijiya mai ruwan daɗi wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Ranar da muka auna shi na sha ruwan rijiyar nan, tun daga ranar gidan ya shige mini rai. Shekara takwas ina wucewa ta gabansa safe da rana, ina lissafin ranar ritaya, ina cewa in aka ba ni haƙƙina na barin aiki Mamman zan fara nema. Na tsara inda zan sa ɗakina, inda zan yi wa 'yan matana nasu, har fentin da zan shafa wa ƙofa na zaɓa, kore. Ni da nake zaune a haya, ɗaki biyu da banɗakin da muke layi da wasu gidaje uku, a cikin kaina ina da gida mai mangwaro.

A cikin shekarun nan Sani kuma me yake yi? Awaki. Daga kiwon na kawu ya koma saye da sayarwa, kowace Alhamis yana kasuwar Shinkafi, yana bin ƙauyuka har wajen Jangeru yana tattaro dabbobi yana lodawa zuwa kudu. Na yi ta yi masa dariya, in ya shigo gidana sai in ce a buɗe taga, warin bunsuru ya iso. Shi ma ya yi dariya. Sai ga babur. Sai ga mota mai ɗaukar dabbobi. Sai ga kujerar Makka, ya je ya dawo da haƙorin zinariya. Kun san ranar da na fara jin abin ya soke ni? Wani ɗaurin aure ne a garinmu. Da can in an nuna shi cewa ake yi, Sani ƙanen Malam. Ran nan ina tsaye wani dattijo ya nuna ni ga baƙo ya ce, "Wanga shi na yayan Alhaji Sani." Na yi murmushi na miƙa hannu, amma ban tsaya cin tuwon bikin nan ba. Kuma ku ji abin kunya, yaron nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Kowace sallah ragona na ɗaure a ƙofar gida tun ban tambaya ba. Ɗiyata ta kwanta asibiti shi ya tsaya. Amma duk alherin da ya yi mini sai in ji kamar ya ɗora mini dutse a ƙirji. Wane irin mutum ne ake ba shi rago ya kwana yana jin haushin mai bayarwa? Ni ne.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, ni na je na ɗauko Inna, mahaifiyarmu. Shekara guda tana ɗaki ɗaya da 'ya'yana mata, a kan tabarma, gwiwoyinta suna ciwo, idonta ya fara rauni. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. A raina ina cewa, ko ba komai a nan na fi Sani, uwarmu a hannuna take. Shi lokacin iyalinsa suna raɓe a gidan surukansa a Shinkafi, yana neman inda zai tattara kowa.

Ranar wata Asabar da hantsi ya shigo gidana fuska cike da fara'a ya ce, "Yaya, na samu gida! Dillali ya kai ni, na gani, ya yi man. Akwai mangwaro, akwai rijiya. Inna ta samu inuwa." Tun kafin ya faɗi unguwar na san wane gida ne. Gidana? Gidan da na yi shekara takwas ina yi wa fenti a zuciya, shi wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa zai saya a mako guda, saboda dillali ya kai shi ya gani ya yi masa? Na ce masa madalla, Allah ya sanya alheri. Ya ce, "Kai za ka rubuta muna takarda. Ina da kai, mi zai kai ni wurin lauya?"

Bayan la'asar aka zauna a zauren mai unguwa, ni da Sani da Mamman da shaidu huɗu. Mun riga mun zagaya gidan da tef. Na rubuta komai, wallahi komai. Iyakoki huɗu da ƙafafunsu, rijiya, mangwaro, ƙofofi shida, tagogi, mita, ranar da ɗan hayan da ke ciki zai kwashe kayansa, har turmin siminti da ke bakin rijiya na sa. Shaidu suna ta cewa kai, Malam ba ya wasa. Da na zo layin da ya kamata in rubuta hanya, in ambaci tsohuwar takardar rabon gado in ce a haɗa kwafinta da wannan, sai biron ya tsaya. Ba mantuwa na yi ba, kada wani ya nema mini wannan uzuri. Ina sane na tsallake, na gangara na rubuta sunayen shaidu. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne Sani da kansa ya tuna. Da na gama karanta musu sai ya ce, "Yaya, hanyag ga hwa? Ban ji ka ambace ta ba." Na ɗago kai na dube shi, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, na ce, "Hanya ai hanya ce, Sani. Shekara nawa ana bin ta? Kada mu cika takarda da surutu." Ya yi dariya ya ce, "Kai kas sani, Yaya. Ni nawa dangwalawa." Ya danna babban yatsansa a tawada ya dangwala, ya goge a jikin tabarma. Mamman kuwa hankalinsa na kan tafiya, don ya riga ya shirya ƙetarawa Nijar da iyalinsa.

Me nake nufi a lokacin? Na tambayi kaina wannan ya fi sau ɗari. Ban shirya masa wani mugun abu dalla-dalla ba. Kawai so nake gidan ya kasance da aibi guda wanda ni kaɗai na sani. So nake in na wuce na ga mangwaron nan in ce a raina, ai ba cikakke ba ne. Kuma can ƙasan zuciyata, inda nake jin kunyar leƙawa, akwai tunanin cewa wata rana in rigima ta taso zai gaji da gidan, ya ce Yaya karɓi ka zauna, ko ya sayar mini da shi yadda zan iya. Kun ga irin lissafin da hassada take koya wa mai ilimi.

Suka tare bayan ƙaramar sallah. Sani ya zo da mota ya ɗauki Inna daga gidana, da tabarmarta da 'yar akwatinta da butarta. Tana shiga ta zauna a gindin mangwaron, aka ja ruwan rijiya aka ba ta, ta sha ta ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na samu wurin mutuwa." Ta ɗaga hannu tana sa wa Sani albarka har muryarta ta dushe. Ni ina tsaye da kwanon tuwon tarewa a hannu. Shekara guda tana wurina, ni ne mai sayen man zafi na gwiwa, ni ne mai kai ta asibitin ido, ban taɓa jin ta ce ta samu wuri ba. Na san ta sa mini albarka ni ma, sau da yawa, amma ran nan ba na jin komai sai tasa. Kuma ƙofar gidan, kun san fentin da ya shafa mata? Kore. Ban taɓa gaya masa ba, haka kawai ya zaɓa.

Bayan wata biyu Alhaji Bala, mai sashen gaba, ya tare ni a bakin makaranta an tashi yara. Muka gaisa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, takardag ga da kar rubuta ma ƙanenka, ka sa hanya ciki?" Da na so, kalma ɗaya ta isa. Sai in ce masa hanya tana cikin takardar rabonku, ka sa hannu, kwafi na wurina, kuma da maganar ta mutu a nan. Amma na ce, "Abin da ke cikin takarda shi ya saya. Hanya ba ta ciki." Ya ce, "To waccan ta rabon gado hwa?" Na ce, "Tawa gara ta cinye ta tuntuni." Ya dube ni ya yi wani murmushi ya ce, "Allah shi kyauta, Malam." Wannan murmushin har yau yana bina. Murmushin wanda ya gane irin mutumin da ke gabansa ne.

Ya san abin da yake yi. Mai unguwar da ya buga hatimi a takardar rabon ya rasu, ɗansa ne a kai yanzu. Shaidun rabon su biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya tsufa ya ci ƙarfinsa, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Mamman yana can Nijar, wayarsa ba ta shiga, kuma an ce kwafinsa ya ɓace a wajen ƙaura. Na Alhaji Bala kuwa, wa zai sa ya fito da shi? Saura nawa, wanda gara ba ta ko shinshina ba, yana nan lafiya lau a cikin leda a akwatin ƙarfe.

Watan jiya aka wayi gari tifa ta sauke yashi a bakin hanyar, washegari aka jibge bulo. Alhaji Bala ya ce shaguna zai gina a filinsa na gado, hanyar nan aro ce ya bai wa ƙanensa don zumunci, yanzu kuwa ƙanen ya sayar ya tafi, aro ya ƙare. Ya ce Sani ya fasa ƙofa ta baya. Ta bayan nan wani lungu ne da kwatar gidaje uku take bi, in mace ta ɗauko bokiti sai ta karkace take wucewa. Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ku san ni ba: da na zo na ga bulon nan a jibge, kafin tsoro ya kama ni, sai da na ji wani sanyi a raina. Na ɗan lokaci ne, amma na ji shi. Ina tsaye ina taya ƙanena salati, cikina yana murna.

Aka kai magana gaban mai unguwa. Ya karanta takardar ciniki daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya ce, "Malam, kai da ba ka barin ko turmi, ya aka yi babu hanya a nan?" Na ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Ya ce, "An ce kai kar rubuta ta rabon gidan. Akwai maganar hanya cikinta?" Alhaji Bala yana zaune yana jan carbi yana kallona. Na ce shekaru sun ja, ba zan iya tunawa ba, kuma kwafina ya lalace. Ƙarya ta biyu ke nan a gaban mutane. Kun san wanda ya tashi ya kare ni? Sani. Wani daga cikin shaidu ya fara cewa ai sakacin Malam ne ya jawo, sai Sani ya daka masa tsawa ya ce, "Kul! Kada wanda ya taɓa man yaya. Takarda nawa yar rubuta garin ga ba a samu matsala ba? Ƙaddara ta." Ya juyo ya dafa kafaɗata ya ce kada in sa abin a raina. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sulhu bai yiwu ba, magana ta tafi kotu. Alƙali ya dakatar da ginin, ya sa rana, ya ce a zo da wanda ya rubuta takardun biyu, kuma an gaya mini akwai yiwuwar a ba ni Alƙur'ani in rantse a kan abin da na sani. Ranar ita ce nan da kwana tara. Wani da ya san kan shari'a ya faɗa wa Sani gaskiya, in babu takarda ko shaida mai ƙarfi, abin zai yi wuya. Sani kuwa sai yawo yake yana gaya wa mutane yayana zai tsaya mini, ko bai tuna komai ba alƙali zai ga mutumin kirki ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya in gaida Inna. Sai da na raɓa ta gefen bulo na shiga. Na same ta ba a gindin mangwaro ba, tana can bayan gida ta dogara sandarta, ta sa an buɗe mata 'yar ƙofar da ake zubar da shara, tana leƙen lungun. Ta ce, "Zo nan, Malam." Haka take kirana tun ranar da na fara aiki, ba ta faɗin sunana. Na zo. Ta ɗaga sandar ta gitta ta a bakin lungun, sandar ta tokare bango da bango, ba ta ko shige ba. Ta ce, "Ka gani? Makara ba ta wucewa nan." Na ce Inna ki daina irin wannan magana. Ta ce, "Ina dainawa don mi? Na baro garinmu, na baro kabarin ubanku, ban yi kuka ba. Abu guda nika roƙo, in kwanana ya ƙare a hidda ni ta ƙohwa kamar kowa, a kahwaɗar mutane. Ba ni son a ɗaga ni ta bisa katanga, ko a jawo ni ta cikin kwata." Sai ta laluba ta kama hannuna, na daman, wanda nake rubutu da shi, ta riƙe shi da hannayenta biyu ta ce, "Kai Allah ya ba karatu cikin ɗiyana. Sani dukiya gare shi, amma wagga ba ta dukiya ba ta. Tahi ka sake duba takardunka, ko Allah ya sa gara ta rage wani abu." Ta tofa addu'a a tafin hannun ta shafa.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na jawo akwatin na buɗe, ban ko yi bincike ba don na san inda take. Ga ta nan, rubutuna, ƙafa bakwai daga titi har ƙofa, da sa hannun Alhaji Bala da hatimin marigayi mai unguwa. Yau kwana huɗu tana ninke a aljihun rigata, da ita nake shiga aji, da ita nake sallah. Matata ta tambaye ni me ya sa nake yawan dafa ƙirji, na ce ƙwannafi ne.

Na san abin da da yawanku za ku ce, ka fitar da ita mana, me kake jira? Na yi tunanin in ce na tsince ta ne a cikin wasu tsofaffin takardu. Amma Alhaji Bala ba zai faɗi shi kaɗai ba. Ranar da takardar nan ta fito, a gaban alƙali da mai unguwa da Sani zai faɗi abin da na gaya masa a bakin makaranta, kalma da kalma. Sannan Sani zai tuna ranar da ya ce Yaya hanyag ga hwa, da amsar da na ba shi. Ba wawa ba ne, yarda ce kawai ya yi da ni. Zai haɗa biyun, Inna ma za ta ji. Matar da ta tofa wa hannuna addu'a za ta san hannun nan ne ya toshe mata ƙofa, kuma da gangan. Da wane ido zan dube ta? Wa zai sake kawo mini takarda a garin nan? 'Ya'yana da suke cin ragon baffansu kowace sallah, me zan ce musu? In kuma na yi shiru, zan dafa Alƙur'ani in yi ƙarya ta uku, a ɗora bulo, kuma wata rana ina cikin masu ɗaga gawar uwata ta saman katanga, da takardar a aljihuna.

Wani lokaci ina cewa in je in sami Sani shi kaɗai kafin ranar, in miƙa masa ita in faɗa masa komai da bakina, ya yi mini duk abin da ya ga dama. Har ƙofar gidan na je shekaranjiya da wannan niyya. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana yanka wa Inna gwanda, ya ɗago ya ce, "Yaya, bismilla, zo ka zauna inuwa." Kuma wallahi, ko a wannan lokacin, da takardar a ƙirjina da hawaye a idona, sai da wani abu a cikina ya ce, inuwar nan taka ce ya ƙwace. Na zauna na sha gwanda na tashi da takardar a aljihuna. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, abin bai fita daga raina ba har yanzu.

Ban taɓa tsayar da ciniki don rijiya ko taga ba, don hanya nake tsayarwa, kuma ga shi hanyar uwata ce kaɗai na bari ban rubuta ba. Jama'a, ku dubi girman Allah ku ba ni amsa kafin kwana taran nan su cika. In na fitar da takardar, Inna ta samu ƙofa ta rasa ɗa. In na ɓoye ta, ina nan a Malam ɗinta har ranar da za a rasa ta inda za a fitar da ita. Me zan yi?